Babur ɗin ƙanƙara ya ƙi kai juyinsa a kan dutse: kada ka fara da kuloci

Tambaya: Ina aiki a wani gareji da ke bayar da hayar baburan ƙanƙara a lardin Biritish Kolombiya na ƙasar Kanada. Muna da Ski-Doo Summit 850 wanda bara yake riƙe juyi 7,900 a minti idan an danne totur har ƙarshe. Bana da ƙyar yake kai 7,400, in kuma ya shiga dusar ƙanƙara mai zurfi a kan hawa sai ya ƙara saukowa. Abokan aikina sun ce in rage nauyin ƙarafunan kuloci a wuce wurin. Me ka gani?

Amsa: Shawarar abokan aikinka za ta mayar da allurar mita inda take a da, amma ba lallai ta mayar da ƙarfin babur ba. Kuloci ba ya haifar da ƙarfi. Abin da inji ya ba shi yake isarwa ga ƙafar robar da ke tura babur. Inji mai ciwo, in ka sassauta masa kaya, zai yi kuka mai kyau a kunne alhali ciwon na nan yana ci.

Amsar rabin tambayarka tana cikin kalma ɗaya da ka faɗa: bara. Babur ɗin da bai taɓa kai juyinsa ba tun da aka kawo shi kan dutse, matsalarsa saiti ce. Wanda yake kaiwa da, a wannan dutsen, da wannan kulocin, sannan ya daina, wani abu ne ya ci, ko ya toshe, ko ya cije. Naka irin na biyun ne, don haka bincike ke gabanka kafin saiti.

Me ya sa juyi 500 ya zama abin damuwa?

Yawancin baburan hawa dutse, Summit na Ski-Doo da RMK na Polaris da jerin M na Arctic Cat, injinsu mai bugu biyu ne, irin wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur. An ƙera salansarsa mai ƙaton ciki ne don ta taimaka wajen cika silinda a wani ɗan taƙaitaccen juyi. Ga Rotax 850 wannan wuri yana wajen 7,900, ga Polaris 850 kuwa ya ɗan haura 8,000. Da ka sauka ƙasa da nan da ɗari uku ko huɗu, ƙarfi ya fara zubewa. Ƙarfi na zubewa, juyi ya ƙara sauka, haka dai har babur ya nutse a tsakiyar hawa.

Aikin kuloci shi ne ya tsare injin a wannan wuri komai nauyin hanya. Kuloci biyu ne, bel ɗaya ya haɗa su. Na gaba yana kan inji: faifai biyu ne masu gangara, da ƙarafunan nauyi da sifirin a ciki. In inji ya ɗauki gudu, ƙarafunan su buɗe, su matse faya-fayan, bel ya hau sama, giya ta ƙaru. Na baya kuma yana da nasa sifirin da wani ƙarfe mai karkataccen baki da ake kira heliks, shi ke jin nauyin da ƙafar roba take fama da shi. Da nauyi ya ƙaru, sai ya ja bel ya dawo da giya ƙasa. Kokawa ce tsakanin su biyun, kuma inda suka yi kunnen doki nan allurar mita take tsayawa.

Sai kuma tsawon wuri. Injin da ba shi da turbo yana asarar kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau, saboda iska tana raguwa. Direban da ya taɓa hawa tsaunin Mambila da kaya ya san yadda mota ke kasala can sama ba tare da komai ya lalace ba. Injin da ke ba da ƙarfin doki 165 a bakin teku, a tsawon mita 2,000 bai fi 130 da 'yan kai ba. Wannan ne ya sa kamfanonin suka fito da baburan dutse masu turbo, Ski-Doo a 2020, Polaris kuma ya biyo baya da Patriot Boost. Saboda haka ka fara tabbatar da cewa a tsawo ɗaya kake gwada bara da bana.

Fara da bel

Shi ya fi arha, shi ya fi saurin ci, kuma shi ne mai laifi a mafi yawan lokuta. Kashe inji, cire bel, kai shi wurin haske. Gefensa ya kamata ya zama dushe-dushe, mai ɗan kaushi a yatsa. In ka ga yana sheƙi kamar an goga masa mai, ya ƙone. Bi shi da yatsu biyu zagaye ɗaya: in ka ji wani wuri ya fi sauran siranta, nan ne kuloci ya tsaya yana gurzar sa lokacin da babur ya maƙale aka yi ta danna totur. Baburan haya sun fi kowane shan wannan wahala, domin baƙo in ya nutse totur yake ƙarawa. Auna faɗinsa da na sabo. Bel da ya sirance yana zama can ƙasa a kulocin baya, sai babur ya tashi da giya babba tun daga farko.

Sabon bel a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, a bar shi ya bushe sarai, a yi masa tafiyar kusan kilomita 50 a hankali kafin a ɗora masa hawa. Daidaita sakinsa yadda littafin babur ya ce. A yawancin Polaris, in ka ɗora rula a kan bel ka danna tsakiya, kusan milimita 32 ya kamata ya sauka. Ski-Doo kuwa da tsayin bel a bakin kulocin baya ake aunawa. Faya-fayan kuma a goge su da soson goge tukunya marar ƙarfe, a share da asiton har baƙin roba ya fita.

Sannan inji

In sabon bel bai dawo da juyin ba, koma kan numfashin inji. A irin wannan inji akwai bawul a bakin hanyar fitar hayaƙi, Rotax na kiransa RAVE, wanda ke ɗagawa idan juyi ya yi sama. Baƙin hayaƙi yana daskarewa a jikinsa har ya cije. Alamarsa a fili take: babur ya tashi lafiya, ya ja da kyau a tsakiya, sannan ya tsaya cak a wani juyi kamar an ɗaure shi. A buɗe a duba, a kankare, a tabbata yana motsi sumul.

Duba ragar shan iska. Garin ƙanƙara mai laushi yana liƙe ta cikin 'yan mintoci, kuma inji da ya riga ya rasa iska saboda tsawo ba shi da rarar da zai ƙara rasawa. Duba fulogi, matacin mai da ƙarfin famfon mai. Duba sifirin-sifirin da ke riƙe salansa, domin salansa mai yoyo ba ta aikinta. A auna matsin silinda biyun a kwatanta. In ɗaya ya yi ƙasa da ɗan'uwansa sosai, maganar ta wuce kuloci ta koma kan fistin da ringi.

Kada ka manta da kwamfutar babur. In ta ji ƙwanƙwasar fetur marar kyau, ko ta ga zafi ya wuce kima, da kanta take rage wa inji ƙarfi don ta cece shi. Waɗannan injuna fetur mai oktan 91 suke so, kuma fetur da ya kwana a tanki tun bara ba abin yarda ba ne. Zafi kuwa yakan taru ne a kan hanya mai tauri kafin a kai dutse, domin ƙanƙarar da ƙafar roba ke watsowa ita ke sanyaya ruwan inji. A sauke ƙarafunan da ke kartar ƙanƙara a irin wannan hanya. A karanta saƙon da allon mita ke nunawa kafin a kwance komai.

Abin da ke riƙe babur daga baya

Ɗaga bayan babur, inji a kashe, ka juya ƙafar roba da hannu. In sai ka yi nishi take motsi, an ɗaure ta da yawa, ko ta karkace, ko robobin da take zamewa a kai sun cinye, ko birki yana kamawa, ko wani boris ya mutu. Kowanne cikinsu yana cin ƙarfin da kai kake nema a kuloci. Taɓa inji ka girgiza shi ma: robobin da yake zaune a kai in sun yage, kuloci biyun ba za su tsaya a layi ɗaya ba idan an danne totur, bel ya yi ta zafi yana ci.

Yanzu buɗe kuloci

Ba don saiti ba tukuna, don dubawa. Sifirin yana gajiya, wani lokaci ma ya karye a ciki babur na ta tafiya. Sifirin gaba da ya yi laushi yana barin ƙarafuna su yi nasara da wuri, juyi ya sauka. Duba rola ko ta yi gefe guda, duba bushin ko ya yi faɗi, ka ga ko faifan da ke motsi yana zamewa ba tare da cijewa ba. A yi amfani da kayan aikin da aka yi domin wannan: akwai na zare kuloci, akwai na danne sifirin, kuma a ɗaure da sifana mai awon ƙarfi. Sifirin da ke matse in ya kuɓuce yana iya raunata mutum. Kada a tayar da inji murfin kuloci a buɗe, kada kuma a danna totur babu bel.

Gwaji biyu za su gaya maka abin da ido bai gani ba. Na farko, ja layi da maka a fuskar faifan gaba daga tsakiya zuwa baki, ka yi gudu, ka dawo ka duba. Inda bel ya goge layin ya tsaya, nan ne iyakar hawansa. Na biyu, bayan hawa mai tsawo kashe inji nan take, ka ɗora tafin hannu a hankali a kan faya-fayan biyu. Wanda ya fi zafi har ba ka iya barin hannu a kai, can bel ke zamewa.

Saiti, idan lokacinsa ya zo

In inji lafiya, bel sabo, komai na juyawa sumul, amma juyi bai cika ba, to yanzu abokan aikinka suna da gaskiya. Yadda allura ke yi shi zai nuna maka inda za ka taɓa.

In juyi ya yi ƙasa daga farkon gudu zuwa ƙarshe ba ya canzawa, kulocin gaba ne. Ƙarfe marar nauyi yana ɗaga juyi, mai nauyi yana sauke shi. A Ski-Doo an sauƙaƙa abin da wani ɗan maɓalli mai lambobi a jikin kuloci: lamba babba juyi sama, kuma a tsohon kulocin TRA kowane mataki kusan juyi 200 ne. Maɓallan uku ne, kuma dole duka su zauna a lamba ɗaya. Polaris kuwa ƙarafunan ake canzawa da giram, kuma littafinsa yana da jadawalin nauyin da ya dace da kowane tsawo. Fara daga jadawalin.

In juyi ya cika a fili amma ya faɗi da zarar an shiga ƙanƙara mai zurfi, ko ka saki totur ka sake dannawa ya yi jinkirin farfaɗowa, kulocin baya ne ba ya dawo da giya da sauri. Heliks mai kwantacciyar kusurwa ko sifirin baya mai ɗan ƙarfi yana gyara wannan. Amma kada a zarce: sifirin da ya cika tauri yana matse bel fiye da buƙata, zafi ya ƙaru, gudun ƙafar roba ya ragu.

In kuma ya fara hawa da 7,900 sannan ya yi ta zamewa ƙasa sannu-sannu, zafi ne. Nemi inda yake fitowa, ka tabbata hanyoyin iska na murfin babur ba su toshe ba. Babur mai doguwar ƙafa da manyan haƙora, ko mai ɗaukar mahayi mai nauyi, wani lokaci rage giyar sarƙa ya fi masa amfani da duk wani canji a kuloci, domin yana sauke wa bel kaya.

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. A gwada a tudu ɗaya, da mahayi ɗaya, inji ya ɗumama, a rubuta juyi da gudun ƙafar roba tare. Juyi da ya hau alhali gudun ƙafa bai ƙaru ba, hayaniya ce kawai aka samu. Kuma saitin da ya yi daidai a safiya mai tsananin sanyi zai ɗan sauka da rana in ƙanƙara ta jiƙe ta yi nauyi, don haka a saita shi bisa yanayin da aka fi aiki a ciki.

Tudun gwajin ma a zaɓe shi da hankali. Yawancin zaftarewar ƙanƙara tana faruwa ne a gangara mai digiri 30 zuwa 45, kuma mai sa ido a kan mita ba ya kallon abin da ke samansa. Duba hasashen da ƙungiyar Avalanche Canada ke fitarwa kafin ka fita, ka nemi doguwar gangara mai sauƙi, kada kuma ka tafi kai kaɗai.

Game da naka babur ɗin, tunda na haya ne kuma bara lafiyarsa ƙalau, ga jerin da zan bi: sabon bel da goge faya-fayai, sai bawul ɗin hayaƙi, sai sifirin da rolar kulocin gaba. In ka gama waɗannan uku juyi bai dawo ba, auna matsin silinda kafin ka taɓa lambar maɓalli. Allah ya ba da sa'a.