Ya Miƙa Wuya: Shin Shari'ar Ƙanwata Ta Mutu Ke Nan?

Wata baiwar Allah ta rubuto mini daga Maiduguri. Ta ce 'yan Boko Haram sun kama ƙanwarta a 2014, suka aurar da ita ga wani mayaƙinsu a daji, ta shekara uku a hannunsa, ta dawo gida da goyo. Yanzu labari ya zo cewa mutumin ya miƙa wuya. Tana tambaya: akwai kotun da za ta tambaye shi abin da ya yi wa yarinyar nan, ko kuwa zancen ya wuce?

'Yar'uwa, Allah Ya ba ƙanwarki lafiya, Ya saka miki da alheri da kika tsaya mata. A idon doka zancen bai wuce ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, hanyar doguwa ce, kuma irin wannan shari'a ta fi mutuwa tun a teburin mai rubuta tuhuma, kafin ta kai gaban alƙali.

Alƙali ba ya hukunta mutum a kan abin da ba a tuhume shi da shi ba. A watan Oktoban 2017 aka fara shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a barikin soja na Wawa, kusa da Kainji a Jihar Neja, ɗaruruwa a zango ɗaya. Akasarin tuhumar ba ta wuce zama ɗan ƙungiya, kai musu abinci ko man fetur, da ɓoye wa hukuma bayani ba. Waɗannan suna da sauƙin tabbatarwa, balle idan mutum ya amsa da bakinsa. Fyaɗe da auren dole kuwa suna buƙatar bincike da haƙuri, sai a tsallake su. Sai ki ga an ɗaure mutum shekaru kaza don shi ɗan ƙungiya ne, matar da ya tsare shekara uku ko ambatonta ba a yi ba. Wannan babban giɓi ne, kuma yana damu na ƙwarai.

Maƙwabtanmu na Chadi sun ɗanɗana ɗacin wannan. Hissène Habré ya mulki ƙasar daga 1982 zuwa 1990, aka gurfanar da shi a wata kotu ta musamman a Dakar. Masu bincike na farko ba su ba laifin fyaɗe muhimmanci ba. Sai da aka fara zama mata suka miƙe suka bayyana yadda aka kai su sansanonin soja a hamadar arewa aka mayar da su bayi, wata kuma ta dubi Habré ta ce shi da kansa ya yi mata fyaɗe. Ranar 30 ga Mayun 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai, har da wannan laifin. Da aka ɗaukaka ƙara a 2017, kotu ta bar ɗaurin yadda yake, amma ta cire laifin fyaɗen da aka ce ya yi da kansa. Alƙalan ba su ƙaryata matar ba. Dalilinsu kawai shi ne ba a sa zargin a takardar tuhuma tun farko ba. Dubi irin ƙarfin halin da ta yi, amma sakacin takarda ya cinye mata haƙƙinta.

A batun Ruwanda an yi sa'ar gyarawa da wuri. Ana cikin shari'ar Jean-Paul Akayesu, shugaban gundumar Taba, shaidu suka fara ambaton fyaɗe, alƙaliya Navanethem Pillay ta bi diddigin zancen, aka dakata aka gyara tuhumar. A watan Satumban 1998 ya zama mutum na farko da wata kotun ƙasa da ƙasa ta samu da laifin fyaɗe a matsayin makamin kisan ƙare dangi.

Yanzu ga abin da na tabbata mutumin zai fake da shi: zai ce matarsa ce. Wannan magana tana da haɗari, domin tsohuwar dokar laifuffuka ta Arewa, a sashe na 282, ba ta ɗaukar saduwar miji da matarsa da ta balaga a matsayin fyaɗe. Don haka dole mai gabatar da ƙara ya fara rushe auren. Ba abu ne mai wuya ba. Ina waliyyinta? Wa ya nemi yardarta? Wa ya karɓi sadaki, a gaban waɗanne shaidu adalai? Yarinyar da aka ɗauke da bakin bindiga aka miƙa wa wani kamar ganima, babu malamin kirki da zai kira wannan aure. Malaman mazhabar Malikiyya ma, irin su Alƙali Ibnul Arabi, sun sa keta mutuncin mace da ƙarfin makami a babin fashi, wanda hukuncinsa ya fi tsanani. Kotunan duniya sun zo kan wannan gaɓar ta tasu hanyar. Kotun musamman ta Saliyo ta hukunta shugabannin 'yan tawayen RUF a 2009 kan auren dole, ta ɗauke shi laifi mai zaman kansa, domin bayan kwanciya akwai girki da wanki da haihuwa da sunan “matar ɗan tawaye” da ke bin mace har gida. A 2021 Kotun Hukunta Manyan Laifuffuka ta Duniya ta samu Dominic Ongwen na ƙungiyar LRA ta Yuganda da laifin auren dole da tilasta wa mata ɗaukar ciki.

Za ki ce ina hujja bayan sama da shekaru goma? Mutane da yawa suna zaton sai da shaidu huɗu ko takardar likita. Shaidu huɗu maganar haddin zina ce, ba ta shafi shari'ar ta'addanci a Babbar Kotun Tarayya ba. Dokokin kotun duniya sun fito fili sun ce ba dole sai an sami mai gaskata maganar wadda aka yi wa fyaɗe ba, ba a tone-tonen rayuwarta ta baya, kuma shirunta ko rashin kokawarta a hannun mai bindiga ba ya zama yarda. Kotunanmu na gida, a aikace, sun fi son su ga abin da zai ƙarfafa maganar mai shaida. Akwai shi kuwa: matan da aka tsare tare da ita, ranar da ta ɓace da ranar da ta dawo, rajistar sansanin da ya karɓe ta, katin asibiti, bayanin da shi mutumin ya yi wa jami'an tsaro lokacin da ya miƙa wuya. Shi kansa yaron hujja ne idan aka yi gwajin jini na gano uba, amma kada a taɓa shi sai da yardar uwarsa, bayan an fahimtar da ita abin da zai biyo baya.

Wanda ya raba wa mayaƙa matan shi ma yana da laifi, ko da bai taɓa kowa ba. Sai dai kama babba sai da shiri. An ɗaure Jean-Pierre Bemba shekara 18 a 2016 kan fyaɗen da mayaƙansa suka yi a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, amma a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta sallame shi. Shi ya sa idan ƙanwarki za ta ba da bayani, a tambaye ta wane ne amir ɗin wurin, wa ya ba da umarnin rabon, wa ake kai wa ƙara idan mace ta gudu. Doka ɗaya ce ga kowa: a Disamban 2020 mai gabatar da ƙara ta kotun duniya, Fatou Bensouda, ta ce akwai dalilin zargin Boko Haram da kuma jami'an tsaron Najeriya da laifuffukan da suka haɗa da fyaɗe.

Batun hukunci kuma. Kotun duniya ba ta yanke kisa. Iyakarta shekara 30, ko rai da rai idan laifin ya ƙazanta matuƙa. Tana duba girman ɓarnar, da rawar da mutum ya taka, da halin da shi kansa ya fito. Bosco Ntaganda na Kwango ya sami shekara 30 a 2019, kuma cikin laifuffukansa har da fyaɗen 'yan matan da aka sa aikin soja a rundunarsa. Ongwen kuwa sace shi aka yi yana yaro. Lauyoyin waɗanda aka zalunta suka nemi rai da rai, masu gabatar da ƙara suka nemi shekara 20, kotu ta ba shi 25. Na kawo wannan ne domin wataƙila mutumin ya ce shi ma tilasta masa aka yi. Idan gaskiya ne, zai iya rage masa shekaru, amma ba zai wanke shi ba. A gida, dokar haramta cin zarafin mutane ta 2015 ta tanadi rai da rai ga fyaɗe, mafi ƙaranci shekara 12, na taron dangi kuma shekara 20, sai dai tsarin mulki ya hana a hukunta mutum da dokar da ba ta nan lokacin da ya aikata laifin. Abin da ya faru a 2014, da dokar wancan lokaci za a auna shi. Ni dai abin da nake roƙon alƙalai shi ne su yanka wa fyaɗe nasa hukuncin daban, a faɗe shi da sunansa, kada a dunƙule shi cikin ta'addanci. Macen da ta ji an ce “shekara kaza saboda abin da ka yi wa wance” ta san an ji kukanta, unguwa ma ta san ba ita ce mai laifi ba.

Miƙa wuya ba afuwa ba ce. Ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1820, na 2008, ya ce a cire laifuffukan fyaɗe daga duk wata afuwar da za a yi don sulhu. Mu ma mun sani a addini, tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa ce, haƙƙin wani kuwa sai mai shi ya yafe.

To, me za ki yi? Ki fara da ita. Ki tambaye ta a keɓe ko tana so, ki kuma karɓi amsarta ko da a'a ce. Jikinta ne, sunanta ne, ita za ta zauna a gari bayan an tashi daga kotu. Kada dangi su taru su yanke mata. Idan ta amince, ku nemi lauya kafin ku je ko'ina. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa suna karɓar irin wannan koke. Lauyan ya rubuta wa ofishin Antoni-Janar na Tarayya, domin shi ke da ikon gurfanar da masu laifin ta'addanci, ya ba da sunan mutumin da laƙabinsa na daji da inda aka ce yana, ya nemi a sa fyaɗe da auren dole cikin tuhuma tun kafin a fara zama. Ta ba da labarinta sau ɗaya, a natse, ga wanda ya san aikin. Yawan maimaitawa ga 'yan jarida da ƙungiyoyi yana tayar da ciwo, kuma lauyan wanda ake tuhuma zai bi ya tsinci ɗan bambancin rana ko wuri ya ce ƙarya take yi. Sashe na 232 na dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ya yarda a shari'ar ta'addanci a saurari shaida a asirce, a bayan labule ko ta bidiyo, a kuma ɓoye sunanta. Ku nemi wannan a rubuce, ku nemi diyya a cikin takarda ɗaya.

Ga sauran masu karatu da abin ya sami wata tasu kwanan nan: asibiti ne farko. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara sha cikin awa 72, kuma takardar da likita ya rubuta a ranar ita za ta yi magana a kotu bayan shekaru.

Shi kuwa yaron, ko an yi shari'a ko ba a yi ba, ki raka uwarsa ofishin hukumar ƙidaya a yi masa takardar haihuwa, a sa shi makaranta tare da 'ya'yanki.