ALJABARA BA DODO BA CE

Da yawa daga cikin 'yan'uwana ɗalibai da zarar malami ya rubuta x a allo sai gabansu ya faɗi. Alhali kuwa aljabara lissafi ne irin wanda muka sani, sai dai harafi yana tsayawa a madadin lambar da ba a san ta ba tukuna. Sunanta ma ya fito ne daga littafin da Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, kuma babban sashe na littafin a kan rabon gado yake.

Mu fara da jerin gaɓoɓi. Dubi 3x² + 5x + 2. Gaɓoɓinsa uku ne, kuma x² ma'anarsa x sau x. Doka ta farko ita ce, ba a tara gaɓoɓi sai masu kama da juna. Saboda haka 4x + 3x = 7x, amma 4x + 3x² haka za a bar su, kamar yadda mai awaki huɗu da tumaki uku ba zai ce yana da awaki bakwai ba.

In aka ɗora jeri ɗaya bisa wani aka raba, to, an sami kason aljabara. Ga misali domin iyayenmu. Mutum ya rasu ba shi da iyaye a raye, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya. Bayan an biya bashi da wasiyya, mu kira dukiyar x. Matar za ta ɗauki sumuni, saura 7x/8. In 'ya'ya maza m ne (aƙalla ɗaya), mata kuma n, rabon kowace 'ya shi ne 7x/[8(2m + n)], domin namiji yana da rabon mata biyu. In dukiyar naira 240,000 ce, da ɗa ɗaya da 'ya ɗaya, matar tana da 30,000, 'yar 70,000, ɗan kuwa 140,000. Kuskure kaɗan a nan, an ci haƙƙin maraya.

Inda aka fi zamewa shi ne wajen soke sama da ƙasa. Ana soke abin da aka ninka ne kawai, ban da abin da aka tara. Ɗauki (x² − 9)/(x − 3). Na saman daidai yake da (x − 3)(x + 3). Yanzu ana iya soke (x − 3), amsa ta zama x + 3. Amma a (x + 6)/(x + 2), wanda ya soke x zai ce amsa 3 ce. Mu gwada x = 2: 8 raba 4 ya ba da 2, ba 3 ba. Ƙarya ta ƙare.

Sharaɗi na ƙarshe, na ƙasa ba ya zama sifiri, gama ba a raba komai da sifiri. Don haka a misalinmu na (x − 3), x ba zai zama 3 ba.

Ya ku 'yan'uwa, kafin ku miƙa takarda a jarrabawa, ku sa wata lamba a gurbin harafi ku gwada amsarku. Minti ɗaya ya isa, kuma rigakafi ya fi magani.