Amsar Tambaya: Yagewar Tsokar Bayan Cinya ga Matashin Ɗan Kokawa

Tambaya: Wani matashi ɗan kokawa daga Safo, a gundumar Madarunfa, ya ji tsokar bayan cinyarsa ta yage yayin atisaye, yana tambayar yaushe zai koma fage.

Amsa: Bayan cinya yana ɗauke da tsokoki 3 waɗanda suka taso daga ƙashin mazauni suka sauka ƙasan gwiwa, aikinsu kuwa lanƙwasa gwiwa da miƙe kwankwaso, shi ya sa sukan yage idan aka miƙa ƙafa da ƙarfi farat ɗaya. A kwanaki 3 na farko ya kamata mai tambaya ya huta, ya ɗaure cinyar da bandeji, ya riƙa ɗora ƙanƙara a cikin ƙyalle na minti 15 zuwa 20, kuma ya guji gashi da ruwan zafi da tausar mai ɗori, domin suna ƙara taruwar jini a cikin naman.

Idan ya kasa taka ƙafar, ko ya ji rami a ƙarƙashin mazauni, wajibi ne ya je asibiti a Maraɗi, saboda a jikin matashi jijiya, wato igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, tana iya fizgewa da ɓallin ƙashi, abin da wani lokaci kan buƙaci tiyata. Ƙaramar yagewa takan warke cikin makonni kaɗan, babba kuwa takan ɗauki watanni 3 ko fiye. Komawa fage ba ta halatta sai ƙarfin ƙafafun biyu ya daidaita kuma gudu bai haifar da zafi ba, domin gaggawar shiga gasar kaka ita ke sa raunin ya dawo.