Darasi na 7: Ƙirƙirar Keɓaɓɓun Kalmomin Kimiyya: Baƙin Ramin Asali da Ra'in Tsirkiya

7.1 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin sararin samaniya gwargwadon abin da idonsa ya gane masa. Ya raɗa wa taurari sunaye irin su Zara da Gamzaki da Kaza-da-'ya'yanta. Sai dai ilimin zamani ya zo da abubuwan da ido bai taɓa gani ba, kuma wajibi ne harshe ya samar musu da suna. Malamin da aka tura Kusa ko Magama, a Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, zai ga wannan buƙata ƙarara. Yaron wannan gefen iyaka da Ingilishi yake karanta kimiyya, ɗan'uwansa na Ɗan Isa ko Maraɗi kuwa da Faransanci, alhali Hausa ce ke haɗa su. Buƙatar ta ƙaru tun da Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025. Manufar wannan darasi ita ce nuna cewa ba a raɗa wa abu suna sai an fahimce shi, an kuma san matsayinsa, wato tabbas ne ko hasashe.

7.2 Baƙin Rami

Idan babban tauraro ya ƙone makamashinsa, nauyinsa kan rinjaye shi, sai ya rufta cikin kansa ya dunƙule. Ƙarfin janyowarsa kan yi tsananin da ko haske ba ya iya kuɓuta daga gare shi. Ra'in da Albert Einstein ya fitar a 1915 shi ne tushen wannan bayani, Karl Schwarzschild ya warware lissafinsa a 1916, John Wheeler kuma ya yayata sunan a 1967. Da za a matse rana har ta zama irin wannan abu, tazarar da ke tsakanin tsakiyarta da gefenta ba za ta wuce kimanin kilomita 3 ba. Ta duniyar nan kuwa milimita 9 ce kacal.

Ingilishi da Faransanci duk sun kira shi da abin da ke nufin baƙin rami, Hausa kuma ta bi sahu da fassarar kai-tsaye. Amfanin hakan shi ne ɗaliban ɓangarorin iyaka biyu za su gane sunan nan take. Illarsa kuwa, rami a wajen Bahaushe wuri ne da aka kwashe abin da ke cikinsa, wannan kuma cunkushe yake da nauyi. Saboda haka dole malami ya bi sunan da bayani. Abin da ya yi kama da rami a nan shi ne wata iyaka da ke kewaye da shi, wadda duk abin da ya ƙetare ta ba ya dawowa.

Samuwar baƙin rami abu ne da aka tabbatar. A 2015 na'urorin LIGO da ke Amurka sun ji girgizar da karon wasu guda biyu ta haifar, kowanne ya ninka rana nauyi kusan sau 30. A 2019 kuma aka fitar da hoton inuwar wanda ke tsakiyar gungun taurari na M87.

7.3 Baƙin Ramin Asali

An ƙiyasta shekarun sararin samaniya da kimanin biliyan 13.8. Masana biyu na Tarayyar Sobiyet, Zeldovich da Novikov, a 1966, sannan Stephen Hawking a 1971, sun kawo shawarar cewa a cikin daƙiƙar farko, tun babu tauraro ko ɗaya, wasu wurare sun fi wasu cunkushewa, har suka rufta suka zama baƙaƙen ramuka. Tun da ba daga tauraro suka fito ba, nauyinsu na iya zama kaɗan ƙwarai. Mai nauyin tsauni ma bai kai ƙwayar zarra girma ba. A 1974 Hawking ya nuna ta lissafi cewa baƙin rami na fitar da tururi a hankali, kuma ƙarami ya fi saurin ƙarewa. Masana na kula da wannan batu domin kusan kashi 85 cikin 100 na abin da ke da nauyi a sarari ba a ganinsa, ana kuma zaton irin waɗannan ramuka na iya zama wani ɓangare nasa.

Wane suna ya dace da su? Kalmar fil'azal tana nufin abin da ba shi da farko, ga ta da nauyin addini, waɗannan kuwa suna da lokacin farawa. Ɗan fari ya dace da ma'ana, amma haɗuwar baƙi da fari a suna guda na iya rikita yaro. Kalmar asali ta fi sauƙi, don haka a ce baƙin ramin asali.

7.4 Ra'in Tsirkiya

Ra'in Einstein na bayanin manyan abubuwa, wani ra'in daban kuma na bayanin ƙananan ƙwayoyi. A farkon samuwar sarari ana buƙatar duka biyun, su kuwa ba su jitu ba. Ɗaya daga cikin yunƙurin sasanta su ya samo tushe daga aikin Gabriele Veneziano na 1968, ya kuma bunƙasa da aikin Michael Green da John Schwarz na 1984. Ra'in ya ce kowace ƙwaya wani siririn abu ne mai karkarwa, kuma yanayin karkarwarsa ne ke bambanta wata ƙwaya da wata. Lissafinsa na buƙatar fuskoki 10, alhali huɗu aka sani: tsawo da faɗi da zurfi da lokaci.

Mai fassara da gaggawa zai ce ra'in zare ko ra'in igiya. Amma zare na ɗinki ne, igiya ta ɗauri. Abin da ke karkarwa ya ba da amo daban-daban shi ne tsirkiya, irin ta garaya ko goge. Tsirkiya ɗaya ce, amma makaɗi na fitar da sautuka da yawa daga gare ta. A nan kalmar gida ta kama ma'anar ra'in sarai.

Dangantakar batutuwan biyu ita ce: wasu fasalce-fasalcen farkon sarari da aka gina a kan ra'in tsirkiya na nuna cewa saurin buɗewar da sarari ya yi na iya barin wurare masu cunkoson da zai haifar da baƙaƙen ramukan asali. Da za a gano su, da nauyinsu da yawansu sun zama ma'aunin gwada waɗannan fasalce-fasalce.

7.5 Tabbas da Hasashe

Har yanzu ba a tabbatar da ganin baƙin ramin asali ko ɗaya ba, kuma babu gwajin da ya gaskata ra'in tsirkiya. Hausa na da kalmomin rarrabe wannan matsayi. A dubi waɗannan jumloli:

(a) An gano baƙaƙen ramuka.
(b) Ana hasashen akwai baƙaƙen ramukan asali.
(c) In ra'in tsirkiya ya tabbata, kowace ƙwaya tsirkiya ce.

Malamin da ya sa "an gano" a gurbin "ana hasashe" ya koyar da kuskure, ko da kalmominsa sun yi daidai, kuma ɗalibansa za su yaɗa shi.

7.6 Kammalawa

An ga cewa fassarar kai-tsaye na buƙatar ƙarin bayani, kalmar gida kan fi dacewa idan an fahimci abin da ake nufi, sannan ginin jumla ne ke nuna tabbas ko hasashe.

Jinga

1. Bayyana dalilin fifita tsirkiya a kan zare da igiya.
2. Wace illa ce ke tattare da sunan baƙin rami, kuma yaya malami zai magance ta?
3. Samar da sunan Hausa ga iyakar da aka ambata a 7.2, tare da hujja.