Ku Raba Zafi da Leda, 'Ya'yana

'Ya'yana, kun taso kun tarar da leda a ko'ina, don haka ba laifinku ba ne in ba ku ga aibinta ba. Mu mun ga zuwanta, mun kuma yi maraba da ita, domin ta rage mana wahala sosai. Amma akwai abin da nake so ku sani tun kuna da sauran ƙarfi, don ku ne za ku daɗe tare da ita.

Leda da roba ba sa ruɓewa. Rana ta dake su, iska ta yi ta ja da su, sai su dinga marmashewa har su koma ɓurɓushin da bai kai milimita 5 ba, wani ma ido ba ya ganinsa. A shekarar 2004 wani masanin teku ɗan Ingila, Richard Thompson, ya jawo hankalin duniya a kansa. Tun daga nan ake ta samunsa a ruwa, a gishiri, a cikin kifi. A 2022 masu bincike a ƙasar Holan suka duba jinin mutum 22, suka same shi a jinin 17. A 2024 kuma wasu a Jami'ar Columbia ta Amurka suka ƙiyasta ƙwayoyinsa kusan 240,000 a lita ɗaya ta ruwan gora. Wannan ya tsaya mini a rai, domin abin da ba abinci ba ne ba shi da hurumin zama a jinin ɗan Adam.

Ba na ce ku rabu da roba dungurungum ba, hakan ba mai yiwuwa ba ne. Abu ɗaya nake roƙonku: ku raba ta da zafi, domin zafi ne ke sa ta saki ɓurɓushinta da sinadaranta da yawa cikin abinci.

Ku dubi mai koko da sassafe. Ta kamfato da ludayi, tururi na tashi, ta juye a farar leda, ledar ta yi laushi tana neman manne wa yatsunta, ta ƙulle. Yaro ya karɓa, ya huda gefe da haƙori, ya tsotse tas. Kullum haka. Ita ba ta da mugun nufi, neman halal take, kuma da kun miƙa mata kofin silba za ta zuba muku da murna. To ku tafi da shi. Haka tuwo: a kwashe da mara a sa a langa ko akushi, maimakon a naɗe kowace malmala da leda a danna a kula. Alala kuwa, da ake ƙullawa a leda a jefa cikin tafasasshen ruwa, gwangwaninta na nan a kasuwa, ganye ma na nan.

Ku masu goyo, na fi tausaya muku. In za ki haɗa wa jariri madara, 'yata, ki dama a kofin ƙarfe ko na tangaram, ki bari ta huce, sannan ki juye a fidar. Kada ki zuba ruwan zafi a robar ki yi ta girgizawa.

Fiya wata ba zan hana ku sha ba, don a unguwanni da yawa shi ne ruwan da aka fi amincewa da shi. Sai dai ku guji wanda aka jibge a rana tun safe har ya yi ɗumi. A gida ku tafasa ruwa, ku tace, ku zuba a randa.

Sannan don Allah a daina hura gawayi da leda. Hayaƙin nan guba ne, kuma mai girki da yaron da ke bayanta su ke fara shaƙarsa. Ƙirare da ɗan guntun kwali sun isa.

Ledar da aka yar ma ba ta bar mu ba. Ku tambayi mahauta irin ƙullin ledar da suke cirowa daga tumbin awaki da shanu, ku dubi kwatar unguwa in damina ta kama. Ruwanda ta haramta ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, kuma kasuwanninsu na ci. Ku riƙe jaka ko kwando in za ku cefane. In mai shago ya miƙo leda don ashana ɗaya, ku ce masa, "Bar ta, Malam, na gode," ku sa a aljihu.