Darasi: Daga ina ruwan pampo yake zuwa?

'Yan uwa, Gulbin Maradi ba ya gudu sai da damina. Daga Najeriya yake fitowa, ya bi ta Jiratawa, Maradi da Tibiri. Da rani sai rairayi. Amma wani ruwan yana nutsewa cikin ƙasa. Shi muke samu a rijiyoyin fadama.

Ruwan pampon Sabon Gari ma daga ƙarƙashin ƙasa yake. Inji ke jawo shi daga rijiya mai zurfi. Ya hau babban tanki, ya bi bututu har unguwa. In an yi fari irin na 1973 da 1984, ruwa yakan ja baya. Dattawa sun tuna yadda aka ƙara wa guga igiya.

To, ku duba pampon gidanku. Yana ɗiga? Ku tara kwalbar lita ɗaya. In ta cika cikin awa ɗaya, lita 24 ke nan a kwana, kusan bido guda. Sau da yawa 'yar robar ciki ce ta cinye. A canza ta, ba ta da tsada. Ruwan alwala kuwa, a zuba wa zogala.

Lissafi: lita nawa wannan pampo zai zubar cikin kwana 30?