Takardar Teku Ba Biza Ba Ce

A makon jiya wani injiniyan jirgin ruwa mai shekara 29 ya shigo ofishina da fayil ɗinsa a hammata, fuskarsa cike da annuri. Ya ce, "Malam, ejen ya lissafa mini maki 70, Ostiraliya kuma 65 kawai take nema." Na buɗe fayil ɗin, na ɗauki biro muka sake lissafi tare, muka tashi da 45. Shi ne na huɗu da ya zo mini da irin wannan labari a bana, kuma na gaji da jin sa.

Jita-jitar da ke yawo tsakanin ma'aikatan jirgi ita ce, wai takardar STCW ta duniya ce, duk ƙasar da ka kai ta dole ta karɓa. Ba haka ba ne. Yarjejeniyar STCW da hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, ta amince da ita a 1978, aka yi mata garambawul a 1995, aka sake yi a Manila a 2010, mafi ƙarancin horon da ya kamata ma'aikacin jirgi ya samu kawai ta tsara. Ko a tekun ma, sai ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ta amince da takardar jami'in da ya fito daga waje kafin ya riƙe muƙami. Ina kuma ga ofishin shige da fice, wanda ba shi da hannu a yarjejeniyar?

A Ostiraliya hukumar AMSA ce ke tantance kyaftin, injiniya da jami'in jirgi. Tana duba ƙasar da ta ba ka takarda, da ko akwai yarjejeniya tsakaninsu, da matakin takardar. Wadda aka taƙaita ga zirga-zirgar bakin gaɓa ba ɗaya take da ta babban teku ba, ko a Oron ka yi karatu, ko a Nungua ta Ghana, ko a Filifins. Kafin ka biya ko sisi, duba ko sana'arka na cikin jerin da ake nema, domin jerin yana canzawa.

Ga inda makin mutumin nawa ya zube. Shekarunsa sun ba shi 30, wannan babu gardama. Ejen ya mayar da takardar ƙwarewarsa digiri ya rubuta 15, alhali ba shi da digiri. Idan masu tantancewa sun amince da ita, 10 ce. Ya haɗa masa shekara takwas na aiki ya rubuta 15, har da zamansa na kadet da lokacin da yake mai shafa wa inji mai. Da muka bi littafinsa na aikin jirgi shafi-shafi, hatimi bayan hatimi, shekara huɗu ne ya yi a matsayin jami'i, wato maki 5. Sai Turanci: an rubuta masa 10 wai don Najeriya Turanci take yi, bai ko zauna jarrabawa ba. Mai 6 a kowane ɓangare na IELTS ba ya samun ko ɗaya, sai mai 7 ne ke da 10, mai 8 kuma 20.

Gargaɗina, kuma zan nanata shi har ku gaji: kada ka rubuta makin da ba za ka iya kare shi da takarda ba. Shafin neman biza na SkillSelect yana karɓar duk abin da ka cika, ba ya tambaya. Ranar da aka gayyace ka ne za a ce kawo hujja, idan babu a ƙi ka, kuɗin biza kuma ya tafi. Wanda ya ƙara watanni a littafinsa ko ya sayo wasiƙar kamfani, idan aka gano, haramcin shekara uku na jiransa. Tarihin zirga-zirgar jirgi a rubuce yake, kiran waya ɗaya ya isa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma sunanka ne a kan fom ɗin, ejen yana gidansa yana barci.

Ku ma ma'aikatan jirgi kuna da laifi. Mutum ya sauka daga jirgi bai karɓi shaidar aiki daga kyaftin ko babban injiniya ba, takardun albashi kuwa an naɗe tsire da su. Bayan shekara biyar kamfanin ya rufe, sai a zo ana neman dabara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk jirgin da ka bari, karɓi takarda mai sunansa da lambarsa ta IMO, nauyinsa ko ƙarfin injinsa, muƙaminka, da ranar hawa da ta sauka.

Fara da tantancewar AMSA, ka bi da jarrabawar Turanci, sannan ka yi lissafi da abin da ke hannunka. Idan maki bai kai ba, jiha na iya tsaya maka ta bizar 190 a ƙara maka 5, ko ta 491 a ƙara 15. Ka kuma riƙa duba kalanda, domin da zarar ka cika shekara 45 an rufe wannan ƙofa.